Ranar da Na Yi Cigiyar Arɗo

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, kuma ko na so mantawa mutanen kasuwar Maigatari ba za su bar ni ba, don har yau in na shiga kara, wajen cinikin dabbobi, sai wani ya ɗago hannu daga nesa ya tambaye ni ko an ga bijimin. To, kafin mahassada su ba ku labarin da nasu gishirin, gara ku ji shi daga bakin mai shi, wanda ya san inda ya kamata a rage.

Da farko ku san da wanda kuke magana. Ni mutumin Gumel ne, Bamange gaba da baya, kuma na yi boko. Aji huɗu cur na yi a firamare (na huɗun ma sau biyu na yi shi, saboda malamai sun ƙi rabuwa da ni). Daga nan na kama gyaran rediyo, na tsufa a kai, da kasuwar rediyo ta ja baya na koma wayar hannu, har aka fara kirana Injiniya. Ban roƙi kowa ya kira ni haka ba, amma ban taɓa hana kowa ba. A tsawon aikina na gano wata ƙa'ida da ba a koyar da ita a jami'a: duk abin da ka cire daga cikin na'ura ta ci gaba da magana, to dama can don ado aka sa shi. Ina da gwangwanin madara cike da kusoshi da 'yan wayoyin da suka yi saura bayan gyara, kuma babu wanda ya taɓa dawowa ya nemi ko ɗaya. (Wasu sun dawo kam, amma ba su ce kusa suke nema ba.)

Autata Rukayya sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Ta yi karatun kwamfuta ta gama, aka kira ta aiki a Kano, ta ce a ɗan dakata mata, akwai abin da take son gamawa a gida tukuna. Abin nan kuwa manhajar cigiya ce. Ku da ba ku kiwo ba za ku gane zafin abin ba. In saniya ko raƙumi ya ɓace a wajenmu, mai shi ƙafa yake sawa, kasuwa-kasuwa, ruga-ruga, yana faɗa yana maimaitawa, kafin labari ya kai Gagarawa dabbar ta tsallaka iyaka ko ta hau mota ta yi kudu. Ita Uwata so take a rubuta kamannin dabba sau ɗaya, saƙo ya faɗa wayar kowane arɗo da dillali da mai unguwa, tun daga Maigatari har Sule Tankarkar. Damina da kaka ta shafe tana bin rugage tana roƙon lambobin waya, ta yi baƙi ta rame, har uwarta ta daina yi mini magana da safe, wai ni na ɗaure mata gindi.

Daga ƙarshe dattawan ƙungiyar makiyaya da dillalai suka ce ta kawo abin ranar kasuwa su gani. In sun gamsu su karɓa, in ba su gamsu ba ta naɗe kayanta ta tafi Kano. Shugabansu, Alhaji Haladu, mutum ne da ban taɓa ganin haƙorinsa ba sai in yana cin rake. Sharaɗi ɗaya ya kafa mata: kada na'ura ta yi ƙarya. Ya ce cigiya ba abin wasa ba ce, in makiyayi ya bar garkensa ya fita neman dabbar da ba ta ɓace ba, to ran da ta gaske ta ɓace ba zai ɗaga ko gira ba.

Ni kuwa tun farkon aikin na naɗa kaina mai ba da shawara. Nakan ja kujera kusa da ita a zaure, in sa tabarau, in riƙa gyaɗa kai a wuraren da suka dace. A nan na fahimci ashe manhaja ba rubuta ta kawai ake yi a ce bismilla ba. Akwai wani abu a cikin kwamfutar da ke harhaɗa ta, kamar magini, shi kuma maginin ba ya taɓa laka da hannunsa, 'yan aiki yake ɗauka, waɗanda Uwata ke kira fulogin. Biyu daga cikinsu aikinsu gwaji ne kafin a ce gini ya kammala. Ta ce sunan ɗaya Surefire, ɗayan Failsafe. Na ce ba zan karya harshena da tsufana ba, na raɗa musu Ɗan Zafi da Malam Sannu.

Shi Ɗan Zafi gwajin ɗaiɗai yake yi, kamar yadda nake ɗora mita a kan kowane ƙarfe na rediyo shi kaɗai. Lambar wayar nan ta cika? In an rubuta cigiya ba a faɗi launin dabba ba, manhaja za ta ƙi karɓa? Irin waɗannan. Kafin ka ɓare goro ya gama. Amma yana da zuciya: da ya ga kuskure ɗaya sai ya watsar da kayan aiki nan take, ya cika allo da jan rubutu, ya yi tafiyarsa, komai ya tsaya inda yake. Uwata ta ce wannan ba laifi ba ne a wurinsa, tunda bai shimfiɗa komai ba balle ya naɗe.

Malam Sannu kuwa gwajin haɗaka ne nasa, wato a haɗa komai a kunna a ji ko zai yi magana. Sai an buɗe masa wani gidan waya na wasa a cikin kwamfutar, an rubuta cigiyar ƙarya an sa ta a layin saƙonnin da ke jiran fita, a ga ko za ta fita, a ga ko za ta isa. Ko an ci ko an faɗi, ba ya cewa uffan. Yakan riƙe maganarsa har sai an share wuri, an cire cigiyar ƙaryar daga layi, an rufe gidan wayar wasan, sannan a ƙarshe ya faɗi sakamako. Kafin ya gama duk wannan, ka yi alwala ka yi salla ka dawo ka tarar yana nan yana kai da kawo.

Na dubi abin da idon gwani, na ce mata wannan almubazzaranci ne, ƙofa ɗaya masu gadi biyu. Ta ce ai ni ma nakan gwada lasifika ita kaɗai, sannan in haɗa rediyo in kunna. Na ce ƙwarai, amma da hannuwan nan biyu nake yin duka, ban taɓa ɗaukar wani ƙato na ce ya zo ya kunna mini ba. Ta yi dariya, ta buɗe fayil ɗin da ake rubuta wa magini 'yan aikinsa, ta nuna mini wurin Ɗan Zafi da wurin Malam Sannu, da layin da ke gaya wa kowannensu irin gwajin da zai kira. Don ta gamsar da ni ta nuna mini. Ni kuwa abin da na gani shi ne rubutu biyu masu kama da juna kamar an tsaga kara, na ajiye wannan a raina.

Saura cigiyar ƙaryar. Uwata ta ce tunda na fi ta sanin yadda ake siffanta dabba, in tsara mata ɗaya ta gwaji. A nan dole in gabatar muku da Arɗo Sambo. Tun muna samari muke tare, shi Bafulatani ni Bamange, wato jinin Barebari, kun kuwa san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari. Bai taɓa kirana da sunana ba, bawana yake ce mini, kuma ya sha faɗa a bainar jama'a cewa iyakar sanin Babarbare game da saniya shi ne romon jelarta. Ni ma ba na barin bashi ya kwana. Da Uwata ta ce in siffanta tsohon bijimi, wallahi ban yi niyya ba, fuskar Arɗo ce kawai ta zo ta tsaya mini a gaba. Na faɗa tana rubutawa tana dariya har da hawaye, tana cewa Allah ya shirye ni. Manhajar ba ta karɓar cigiya sai da sunan mai cigiya, na ce ta sa nawa, ai ba na sata ba ne. Ta sa. Me za a ji tsoro, abin da ba zai taɓa fita daga cikin kwamfuta ba?

Ranar Laraba, ana gobe taro, aka yi suna a gidan yayarta a Sule Tankarkar, ba yadda za ta yi ta ƙi zuwa. Da safe ta ɗan gyara wani abu a manhajar, sai cajin kwamfuta ya yi ƙasa, ga babu wuta, batirin solarmu kuwa ya girmi wasu jikokina. Ta ce in rana ta yi caji ya ɗan taru, in danna abin da ta nuna mini, in bar shi har ya gama, in ya yi ja in kira ta. Ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Baba, don Allah kada ka taɓa komai."

"Uwata, na'ura nake taɓawa tun kafin a yi auren uwarki."

"Shi ya sa na ce don Allah."

Da hantsi na danna. Ɗan Zafi ya yi nasa fir, kore. Malam Sannu ya fara shirye-shiryensa irin na mai zuwa Hajji, bai ko gama shimfiɗa tabarma ba kwamfuta ta ɗauke ɗif. Na ɗauke ta na kai shagon wanzamin unguwarmu mai janareta, ya sammini wuta kaɗan yana ƙunƙuni. Na dawo zaure na zauna, na yi nazari irin na manya. Cajin nan ba zai kai Malam Sannu gida ba. Yarinya ta ba ni amana in ga an yi gwaji. Ga ma'aikaci mai sauri yana zaune ba aikin yi, ga mai nawa ya tare hanya. Ai ko shugaban ƙaramar hukuma ne ya san wanda zai sallama. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Na buɗe fayil ɗin. Na ɗauko layin da ke kiran gwaje-gwajen Malam Sannu na liƙa shi a wurin Ɗan Zafi, shi kuma Malam Sannu na share shi gaba ɗaya, na yi masa fatan alheri. (Ku lura, da ilimi na yi abin nan. Jahili ba zai iya wannan ɓarnar ba.) Na danna. Kai, ku zo ku ga gudu. Rubutu na ta wucewa kamar motar Alhamis, ina murmushi ina tunanin yadda zan gaya wa Uwata cewa na rage mata rabin wahala. Can sai abu ya tsaya cak, ya ɗan yi jim, sannan allo ya cika da jan rubutu, Turanci irin wanda ba a kai gare shi a aji huɗu.

Ban firgita ba. Mai gyaran rediyo ya san in ka cire abu magana ta ɗauke, sai ka mayar da shi, ka ɗaure, ka yi kamar ba ka taɓa buɗewa ba. Na mayar da Malam Sannu mazauninsa, na mayar da layinsa, harafi bai ɓata ba. Caji ya kusa ƙarewa, don haka na danna gajeren gwajin nan na Ɗan Zafi shi kaɗai, ya ba ni kore, na rufe kwamfuta na lulluɓe ta da ɗankwali. Bayan la'asar Uwata ta kira ta tambaya. Na ce kore shar, kamar gonar riɗi a tsakiyar damina. Ta ce har da Malam Sannu? Na ce Malam Sannu yana nan lafiya lau a wurinsa, yana gaishe ta. Ku duba maganar nan da kyau, babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Abin da ban sani ba shi ne, a ɗan gudun nan da ya yi, Ɗan Zafi ya riga ya ɗauki cigiyata ya sa ta a layin fita. Ya jira gidan wayar wasa ya karɓa, babu wanda ya buɗe shi, tunda na kori mai tsarin. Ya yi zuciya ya watsar ya tafi. Mai shara bai zo ba. Bijimina ya kwana a tsaye a layi, shi ne na farko, yana jiran a buɗe ƙofa.

Ranar Alhamis motar Sule Tankarkar ta makara, Uwata ta iso a gurguje, ko zama ba ta yi ba muka kama hanyar Maigatari. An yi shimfiɗa a wata rumfa a gefen kara, inda kukan shanu da cinikin dillalai ba sa hana a ji magana. Dattawa sun cika. Alhaji Haladu yana tsakiya da carbi. Arɗo Sambo yana gefe cikin farar riga, ya miƙe ƙafarsa ta hagu mai ciwo, malafa a ka, sanda a cinya. Da ya gan ni cikin babbar rigata ta Salla ya tambayi na kusa da shi ko wa ya ara wa bawansa kaya.

Tunda Uwata yarinya ce a gaban iyayenta, ni na tashi na buɗe taro. Na yi sallama, na yi godiya, na kawo tarihin sadarwa tun daga gangar maroƙa har zuwa rediyo mai batir shida. Sannan na dafa ƙirji na shaida wa dattawa cewa wannan na'ura ba ta san ƙarya ba, domin a hannuna ta tashi, kuma jiya-jiyan nan ni da kaina na gwada ta gaɓa-gaɓa, na tabbatar babu ƙura a cikinta. Arɗo ya ce in dai Babarbare ne ya gwada, to Allah ya tsare mana shanunmu. Aka yi dariya, na ce a bar shi, mai bin saniya a baya ba ya gane abin da ke gaba.

Uwata ta buɗe kwamfuta, ta haɗa ta da layin gaske, wanda ke kai saƙo wayoyin mutane. Ba ta rubuta komai ba tukuna, hannunta ma yana kan gyara mayafi. Sai aljihun wani dillali ya yi ƙara. Sai na kusa da shi. Sai na Alhaji Haladu. Kafin ka ce kwabo rumfar nan ta ɗauka kamar kwaɗi bayan ruwan farko, har daga cikin kara kana jiyowa. Uwata ta dubi allo, ta ɗago ta dube ni. Ban taɓa ganin wannan kallon ba tun rasuwar mai sunanta. Ni kuwa na zaci gaisuwa ce manhajar ke aikawa, na buɗe hannuwa na ce wa dattawa sun gani ko, tun ba a ce ta yi ba ta fara aiki.

Arɗo yana karanta ajami kamar ruwa, amma boko bai dame shi ba. Ya laluba aljihu ya ciro 'yar wayarsa mai ɗaure da roba, ya miƙo mini.

"Ungo, bawana. Kai ne mai boko, karanta mana mu ji."

Na karɓa da hannu biyu, na gyara tabarau, na yi gyaran murya, na ɗauko muryar masu karanta labarun duniya. "Cigiya. An nemi wani tsohon bijimi an rasa. Fari ne dogo, ramamme, haƙoransa na gaba sun yi hijira."

A nan na ji kamar an zuba mini ruwan randa a ƙeya. Na san rubutun nan. Na san wanda ya haife shi. Na yi tari, na ce sauran bayanai ne na fasaha da ba su shafi jama'a ba, na fara miƙa wa Arɗo wayarsa. Wani dillali mai ɗan boko, wanda ke bin saƙon a tasa wayar da yatsa, ya ce Injiniya ya yi tsallake, akwai saura. Alhaji Haladu bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ƙarasa."

Na ƙarasa. Muryar labarun duniya ta gudu, ta bar ni da ta ɗan aji huɗu ranar da bai yi aikin gida ba. "Yana ɗingishi da ƙafar hagu. Ba ya amsa kira sai ya ji motsin ludayi a ƙwaryar fura. Yakan sa malafa. Wanda ya gan shi ya taimaka ya kora shi rugar Arɗo Sambo, akwai tukuicin goro. Mai cigiya, Injiniya, Gumel."

Idanu dai suka tafi a hankali, suka sauka a kan farar riga, suka gangara kan ƙafar hagu, suka hau kan malafa. Arɗo ya rufe bakinsa, abin da ya ƙara tona maganar haƙora. Wani tsoho a baya ya cusa rawani a baki, kafaɗunsa na rawa. Ni ina tsaye da waya a hannu da babbar riga, ina roƙon ƙasar Maigatari ta yi mini alfarma ta tsage, ita kuwa ta saba ɗaukar raƙuma, ba ta ko ji nauyina ba.

Alhaji Haladu bai yi dariya ba. Ya tambayi Uwata wayoyi nawa saƙon ya shiga, ta ce duka, duk wanda ya ba ta lamba. Ya tambaye ta ko wannan ce na'urar da ba ta san ƙarya ba. Ta durƙusa, ta ce laifinta ne, ita ta ajiye saƙon gwaji da na gaske a rumbu ɗaya, bai kamata ba, a yi mata afuwa. Ba ta ambaci sunana ba, ko kallona ba ta yi ba. Wannan ya fi dariyar ƙona ni. Na ce a'a, Alhaji, a dakata. Na kwashe labarin Ɗan Zafi da Malam Sannu na zuba musu, dattawa suna kallona kamar ina ba da labarin aljanu. Da na ga ba sa bi, na ce a taƙaice yarinya ta ɗauki ma'aikata biyu, ni na kori mai share wuri don ya cika nawa, na ba mai zuciya aikinsa, ya bar mana kaya a tsakar gida. Wannan kam sun gane. Amma Alhaji ya riga ya sa carbi a aljihu yana laluben takalmi da ƙafa, ya ce a bar maganar haka nan, Allah ya ba yarinya sa'a a Kano. Uwata ta sunkuyar da kai ta fara naɗe waya.

Sai wayar Arɗo ta yi ƙara a hannuna, kira ne. Na miƙa masa kamar garwashi. Ƙanensa ne daga Ɗanzomo, kuma irin wayar nan ce da duk rumfa ke jin abin da ake faɗa. Hankalinsa a tashe, yana tambaya wane bijimi ne, shi bai san Arɗo da mai ɗingishi ba, amma ya riga ya tura samari biyu a babur sun bi burtali. (Wanda ya karanta masa bai kai kan malafa ba, ko kuma ya ɗauka sabon salon kiwo ne.) Arɗo ya amsa masa da natsuwa cewa an gan shi, yana nan Maigatari yana shan inuwa. Bai ajiye ba wani kiran ya shigo, 'yarsa ce da ke aure a Gagarawa, ita an karanta mata har ƙarshe, ba ta iya magana don dariya, sai sannu Baffa kawai take maimaitawa. Sannan wani dillali daga tsallaken iyaka, da Hausarsu ta Damagaram, yana cewa ya riga ya gaya wa direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, kada wanda ya loda farin bijimi mara haƙora.

Uwata ta ɗago ta roƙi Alhaji izini ta aika gyara, don samarin nan su koma. Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, ya ɗaga mata kai. Ta rubuta cewa an ga bijimin, kowa ya koma, a yi haƙuri. Rumfa ta sake ɗaukar ƙara. Ba a jima ba na Ɗanzomo ya sake kira, ya ce saƙo ya iske yaran a hanya sun juyo.

Arɗo ya gyara zama, ya dogara sandarsa. Ya ce bara karsanarsa ta ɓace, wadda ya fi so, ya bi ta da ƙafar nan har ta kumbura, ran da labari ya kai Gagarawa an riga an ga irinta a mota ta yi kudu. Sannan ya dubi shugaba.

"Alhaji, yau ni na ɓace, ban gama miƙe ƙafa ba an same ni a ƙasa biyu. Na'urar yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ba ta shi ta kai. Ƙaryar ta Babarbare ce, wannan kuwa ba baƙon abu ba ne, da ita ake yanke musu cibiya."

A ranar na ga haƙorin Alhaji Haladu ba tare da rake ba. Ya cire takalmin ya koma ya zauna. Aka yi shawara, aka ce an karɓi manhajar a gwada ta zuwa damina, bisa sharaɗi biyu: yarinya ta raba rumbun wasa da na gaske, kuma Injiniya kada ya kusanci kwamfutar nan fiye da tsawon igiyar ɗaure maraƙi. Na ce na amince, dama ayyuka sun yi mini yawa.

Na ɗauka an gama, ashe Arɗo bai fara ba. Ya ce cigiya ta ce a kora bijimi zuwa rugarsa, kuma tunda mai cigiya yana nan, shi zai kai shi. Ta kuma ce akwai tukuicin goro ga duk wanda ya gan shi. Ya hau bayan tsohon babur ɗina, ya ce ba ta bayan gari za mu bi ba, ta tsakiyar kasuwa. Ranar Alhamis, a Maigatari. Jama'a, ban san mutane suna da ido haka ba. Kowace rumfa muka wuce sai wani ya taso ya ce ya ga bijimin, ya miƙo hannu. Masu raƙuma sun gan shi, masu kanwa sun gan shi, wata tsohuwa mai tallan nono ta ce ita tun jiya ta gan shi a mafarki. Arɗo yana bayana yana ɗaga malafa yana amsa gaisuwa, in na yi sauri ya taɓa ni da sanda ya ce a hankali, dabbar tsohuwa ce. Mai goron bakin tasha ya tashi da wuri ranar, don na saye goronsa kakaf, har ya yi mini addu'a.

Uwata ba ta tafi Kano ba. Ba ta kuma yi mini faɗa ba, wanda ni a ganina rashin tausayi ne. Ta raba rumbunan, ta bar wa Ɗan Zafi gwajinsa na ɗaiɗai, ta bar wa Malam Sannu na haɗaka da sharar bayansa, ta kuma sa wa kwamfutar lambar sirri da ta ce ko uwarta ta sani, ni ne kawai ban sani ba. Nakan zauna daga nesa, daidai tsawon igiya, in ga Malam Sannu yana aikinsa a hankali, in ce masa sannu da ƙoƙari, ɗauki lokacinka.

Masu cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne suna ta faɗa, ni ban ce musu komai ba, don ba su san wahalar da na sha kafin in tara ƙaramin ba. Gwangwanin kusoshina yana nan, ban zubar ba. Ƙa'idata ma tana nan, gyara kawai na yi mata, kamar yadda masana ke yi: duk abin da ka cire daga cikin na'ura ta ci gaba da magana, kada ka yi saurin murna. Tsaya tukuna ka ji me take faɗa, da kuma mutum nawa take faɗa wa.